Azumi da jikin ɗan Adam a zafin Sakkwato

A duk shekara, da zarar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin jinjirin watan Ramadan, maganar azumi da lafiya takan cika gidajen rediyo da majalisun unguwa da wayoyin hannu. Wasu sukan ce azumi yana wanke jiki tas, yana warkar da ciwon sukari da hawan jini, wasu kuma sukan shiga watan da fargabar zai tayar musu da gyambon ciki ko ya taɓa musu ƙoda. Kowane ɓangare yana da abin kamawa a maganarsa, sai dai dukansu sukan manta cewa azumi ba ya yi wa jikin kowa aiki iri ɗaya. Abin da na fahimta daga karatu da zama cikin jama'a shi ne, jiki mai lafiya yana iya ɗaukar yunwar yini guda ba tare da ta cutar da shi ba, kuma mafi yawan wahalar da muke jingina wa azumi a nan Sakkwato tana fitowa ne daga ƙishirwa, da irin cin da muke yi bayan an sha ruwa, da kuma nauyin da marasa lafiya suke ji wajen karɓar rangwamen da Allah Ya yi musu.

Ya kamata a fara duba wurin da muke zaune. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa watan azumi yake zagaya bazara da damina da kaka da hunturu a cikin kimanin shekara 33. Daga 2019 zuwa 2024 watan ya faɗo tsakanin Maris da farkon Yuni, wato a tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a Sakkwato yake yawan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A goman ƙarshe na azumin 2024 an yi wani zafi a yankin Sahel wanda a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Tsawon azuminmu daga alfijir zuwa magariba awa 13 ne zuwa 14, bai kai na Musulmin Ingila ba, waɗanda sukan wuce awa 18 idan watan ya faɗo musu a lokacin doguwar rana. Amma awa 14 a garin da iskar azahar take ƙona fuska tana cire wa jiki ruwan da awa 18 a ƙasar sanyi ba za ta cire ba, kuma duk wanda zai karanta sakamakon binciken da aka yi a Turai ya kamata ya riƙe wannan bambancin a ransa.

Bayan sahur, jiki yakan ɗauki wasu awoyi yana narkar da abincin, yana mai da tuwo ko kunu ko shinkafa sukarin da ake kira gulukos, wanda yake shiga jini ya ciyar da ƙwaƙwalwa da tsoka. Abin da ya yi rara hanta ce take ajiye shi, kamar yadda manomi yake zuba hatsi a rumbu bayan kaka, kuma hantar baligi tana iya riƙe kimanin giram 100 na wannan ajiyar. Idan hantsi ya ɗaga, abincin sahur ya gama shiga jini, sinadarin insulin, mai saukar da sukarin jini, yakan ragu, hanta kuma ta fara sakin ajiyarta kaɗan-kaɗan domin sukarin jini ya tsaya daidai. Zuwa la'asar ajiyar ta yi ƙasa, sai jiki ya ƙara karkata ga kitse, ya narkar da shi ya sami ƙarfi, hanta kuma ta riƙa ƙera sabon gulukos daga wasu abubuwa da ke cikin jiki. Wannan tsarin yana iya riƙe lafiyayyen mutum fiye da yini guda, saboda haka wanda ya yi sahur da asuba ya buɗe baki da magariba bai kai ko kusa da matakin da yunwa take fara cin naman jiki ba. Kasalar da ake ji da azahar gaskiya ce, amma ga mai lafiya ba alamar lalacewar jiki ba ce. Canjin warin bakin mai azumi ma daga nan yake, domin narkewar kitse tana fitar da wani sinadari da ke bin numfashi, ga kuma miyau da yake raguwa, kuma malaman Malikiyya sun halatta asuwaki a tsawon yini.

Amfanin da aka auna aka gani yana nan, ko da yake bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Idan aka haɗa binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, abin da mutane suke ragewa a watan azumi kilo ɗaya ne zuwa biyu, kuma mafi yawansu sukan mai da shi cikin 'yan makonni bayan salla. Wani bincike da aka gudanar a Landan a azumin 2019 ya nuna bugun jinin masu azumi ya ɗan sauka, wasu binciken kuma sun nuna gyaruwar kitsen da ke cikin jini. Mai shan taba yakan sami yini guda cur ba tare da hayaƙi ba, kuma na san waɗanda suka yi amfani da wannan damar suka rabu da ita gaba ɗaya, wanda a wurina ya fi duk kilon da za a rage daraja.

Akwai wata magana da ta yaɗu a Facebook da WhatsApp cewa wani masani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya tabbatar da cewa azumi yana warkar da cututtuka. Gaskiya ne Yoshinori Ohsumi ya ci kyautar a 2016, amma aikinsa a kan ƙwayoyin yis, wato abin da ke kumbura burodi, ya yi shi, inda ya gano yadda ƙwayar halitta take narkar da tarkacen cikinta ta sake amfani da shi, musamman idan abinci ya yanke mata. Ilimi ne mai girma, sai dai tsakaninsa da cewa azumin Ramadan yana maganin kansa ko ciwon sukari akwai tafiya mai nisa. Haka ma azumin rage ƙiba da ake yayi a Amurka da Turai, masu yin sa suna shan ruwa duk yini, don haka sakamakonsu ba namu ba ne kai tsaye. Hadisin nan da ake yawan jawowa, mai cewa a yi azumi a sami lafiya, malaman hadisi da dama sun raunana shi. Wannan bai rage wa azumi komai ba, domin ayar da ta wajabta shi a cikin Suratul Baƙara ta faɗi dalilinsa a fili, wato taƙawa. Abin da nake tsoro shi ne, idan aka sayar wa mutane azumi a matsayin magani, mara lafiya zai ajiye ƙwayoyinsa ya dogara da shi.

Ruwa shi ne babbar magana a garinmu. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne, kuma jiki ba shi da wata ma'ajiyar ruwa irin wadda yake da ita ta sukari da kitse. Idan aka daina sha, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsari yake raguwa ya koma ja-ja da yamma. Wannan dabarar tana wadatar da mai aikin ofis ko ɗan kasuwar da ke zaune a inuwar rumfa. Gumi kuwa ƙoda ba ta da iko a kansa, kuma mai aikin ƙarfi a cikin rana yana iya zubar da kusan lita guda ta gumi a awa ɗaya, tare da gishirin da ke fita da shi. Duk wanda ya tsaya ya dubi ɗan ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki da ƙarfe biyun rana, rigarsa ta jiƙe ta bushe har farin gishiri ya fito a bayanta, leɓɓansa sun tsage, yana kai wa gidaje ruwan da shi ba zai kurɓa ba, ya san cewa azuminsa da na mai zama a ƙarƙashin fanka sunansu ne kawai ɗaya.

Mutanenmu sun daɗe da gano dabarun wannan yanayin, kuma dabarun sun dace da abin da likitoci suke faɗa. Magina da leburori sukan fara aiki bayan sallar asuba su tashi kafin azahar. Masu noman rani a fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo sukan yi ban-ruwan albasa da sassafe ko da yamma lis. 'Yan kabu-kabu sukan jiƙa rawani ko tawul su naɗa a kai, kuma ya tabbata a hadisi cewa an ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuba ruwa a kansa yana azumi saboda ƙishirwa ko zafi. Ina roƙon masu ba da aiki su taimaka da wannan, su yarda a sauya lokutan aiki, domin lebura ba shi da bakin da zai ce wa maigida ya gaji. Akwai kuma iyakar da ba a wasa da ita. Idan mai azumi ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko jikinsa ya ɗauki zafi sosai, ko ya yanke jiki ya faɗi, to zafi ya buge shi, kuma wannan yana kisa. A kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a jiƙa masa jiki a yi masa fifita, idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa nan take, sannan a garzaya da shi asibiti. Ba a jiran kiran salla a irin wannan halin. Ruwan gishiri da sukari da aka saba haɗa wa yara masu gudawa, wato cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta, yana da amfani ga wanda gumi ya ƙwaƙule.

Yadda ake shan ruwan da dare ma yana da tasiri. Mutane da yawa sukan ɗura kofi huɗu ko biyar gab da alfijir da nufin su yi guzuri, alhali ƙoda takan fitar da mafi yawan rarar kafin rana ta ɗaga. Abin da ya fi shi ne a rarraba shan daga magariba zuwa sahur, kofi ɗaya ko biyu a kai a kai, a tafi da gora masallaci wajen asham, a kuma haɗa da abinci mai ruwa a jikinsa irin su kankana, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, da gurji da lemu da kunu. Ma'aunin da kowa yake da shi kyauta shi ne launin fitsari: idan har aka kwanta barci yana ja, ruwan bai isa ba.

Ciwon kan da ke damun mutane a kwanakin farko sau da yawa ba na yunwa ba ne. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma wanda ya saba da tauna goro tun safe, ko ya saba da zaman teburin mai shayi, idan ya yanke farat ɗaya kansa zai yi ta sara na 'yan kwanaki kafin jiki ya saba. Rage su sannu a hankali tun a Sha'aban yana sauƙaƙa abin. Sai dai bazara lokacin sanƙarau ne a wannan yankin, saboda haka ciwon kai mai tsanani da ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya kada a ɗora shi a kan azumi, asibiti ake kai mai shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Daga nan sai faifan buɗa-baki, inda a ganina ake samun ribar azumi ko a zubar da ita. Sunna ita ce a buɗe baki da dabino, idan babu a kurɓi ruwa, kuma hikimar a bayyane take, domin dabino biyu ko uku suna ɗaga sukarin jini daidai gwargwado, mutum ya yi salla cikin natsuwa kafin ya zauna cin abinci. Abin da ake gani a gidaje da yawa kuwa shi ne, kafin a idar da kiran salla an shanye lemon kwalba mai ƙanƙara, an bi da zoɓo da kunun da aka cika wa sukari, sannan ƙosai da soyayyar doya da dankali da ƙwai, duk a cikin mintoci kaɗan. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da sukarin da ya kai kusan cokalin shayi 9, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da baligi yake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin cokali 12 a yini. Sukarin jini yakan yi tsalle ya sauko, ciki ya kumbura, ƙwannafi ya taso a cikin sujada, mutum ya kasa tsayuwar asham, washegari kuma ya ce azumi ne yake wahalar da shi. Hadisin da ya raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kowa ya haddace shi, kuma babu watan da ya fi buƙatar a yi aiki da shi kamar wannan.

Na san cewa a gidaje da yawa na Sakkwato matsalar ba yawan ci ba ce, samun abin da za a ci ne, musamman da tsadar hatsi ta 'yan shekarun nan, kuma shawarar da ba ta dubi aljihun talaka ba ba ta da amfani a wurinsa. Abin farin ciki shi ne abincin da ya fi riƙe mai azumi shi ne wanda muka gada. Gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba suna narkewa a hankali, wake yana ƙosarwa, fura da nono ta haɗa hatsi da ruwa da abin gina jiki a ƙwarya guda, kwaɗon zogale da miyar kuka da kuɓewa suna hana bushewar ciki da ke addabar mutane a wannan watan. Kuɗin da ake kashewa kullum a kan lemon kwalba da ƙanƙara zai iya sayen kankana da nono. Abin da ya kamata a rage a sahur shi ne gishiri da dunƙulen magi da yaji da kilishi, domin suna jawo ƙishirwa tun da hantsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi guda, kuma mai hawan jini ya sani cewa kanwar da ake sa wa kunu ita ma tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri. Barin sahur saboda barci kuwa yana ƙara wa azumin awoyi da yawa a banza, bayan an ce mana a yi sahur domin akwai albarka a cikinsa.

Barci ma yana raguwa, tsakanin tafsiri da asham da tahajjud da tashin sahur, ga zafin dare da ɗaukewar wuta. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma ƙailula bayan azahar tana cike wani gurbi. Direbobi da 'yan kabu-kabu su suka fi buƙatar kiyaye wannan, musamman gab da shan ruwa, lokacin da kowa yake sauri a kan titi da gajiyayyen jiki.

Duk abin da na faɗa a baya game da juriyar jiki, na mai lafiya ne. Mai ciwon sukari lissafinsa daban ne, domin tsarin da ke daidaita sukarin jininsa shi ne ya sami matsala, kuma maganin da yake sha yana ci gaba da aiki ko ya ci abinci ko bai ci ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 13 a kan azumin 2001, wanda ya ƙunshi masu ciwon sukari fiye da 12,000, ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka fiye da sau 7 a cikinsu a watan. Magunguna ma ba ɗaya suke ba: wanda ake rubutawa metformin a jikin kwali ba ya cika faɗar da sukari, amma glibenclamide da allurar insulin suna iya yi, shi ya sa likita yakan sauya adadi da lokacin shan su.

Na ga wannan da idona a kan wata gwaggona da ta manyanta. Ta sha ƙwayarta ta safe da sahur kamar yadda ta saba, ta ɗan kurɓi kunu kawai saboda ba ta jin cin abinci. Bayan la'asar aka same ta zaune a kan tabarma, gumi mai sanyi yana tsatstsafo mata a goshi, hannunta yana rawa har carbi ya suɓuce, maganarta tana jan harshe. Da aka soki yatsanta, na'ura ta nuna sukarin ya yi ƙasa sosai. Na durƙusa kusa da ita da kofin ruwan sukari na ce, "Gwaggo, don Allah ki daure ki karɓi wannan ki sha." Ta kau da kai ta ce, "Haba ɗan nan, saura ƙiris a sha ruwa. Da tsufana zan karya azumi? Me zan je in faɗa wa Ubangijina?" Sai da aka kira limamin unguwa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce mata, "Hajiya, Wanda Ya ɗora miki azumin Shi ne Ya ɗauke miki shi yau. Ki sha, babu laifi a kanki." A nan ta karɓa, kuma cikin ɗan lokaci hankalinta ya dawo jikinta. Ƙa'idar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da masana azumi a 2016, aka kuma sabunta a 2021, ita ce a karya azumi nan take idan sukari ya sauka ƙasa da 70 a na'urar da ke ƙirga da miligiram, wato 3.9 a na'urar da ke ƙirga da milimol, ko ya haura miligiram 300, ko aka ga alamun faɗuwarsa irin waɗannan. Sukar yatsa don gwaji ba ta karya azumi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta yanke cewa allurar magani da ba ta ciyarwa ba ce ita ma ba ta karya shi.

Gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, kusan kowa a garin nan yakan ce yana da shi. Yunwa tana iya tayar da raɗaɗinsa, amma mafi yawan abin da ke haddasa shi wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ci kyautar Nobel a 2005 saboda gano aikinta. Ana gwada ta a asibiti, ana kuma kashe ta da magungunan da ake sha na kimanin mako biyu, saboda haka wanda ya yi shekaru yana fama ya nemi gwaji tun kafin azumi. Abu na biyu da ke ƙwarzar tumbi shi ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi suke saye a kemis su haɗiya da magariba a kan busasshen ciki, kuma su ɗin ma suna wahalar da ƙodar da ta yini ba ruwa. Aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin alama ce ta zubar jini a ciki, ba ta jiran gobe.

Masu cutar sikila su ma suna cikin waɗanda nake jin tsoro a kansu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon ƙasusuwansu. Matashi mai sikila da yake ganin sa'o'insa suna azumi yakan so ya bi sahu, kuma iyaye ne ya kamata su tsaya masa su kare shi daga gorin abokai. Mai ciwon ƙoda da mai tsakuwar ƙoda da mai ciwon zuciya da mai farfaɗiya da mai shan maganin tarin fuka, babu ɗayansu da ya dace ya sauya lokacin maganinsa da ra'ayin kansa. Mai hawan jinin da ya daidaita yawanci yana iya azumi, amma idan maganinsa mai sa yawan fitsari ne, shan sa da sahur yana iya ƙarar masa da ruwa kafin azahar, don haka ya tambayi likita lokacin da ya fi dacewa.

Mai juna biyu da mai shayarwa fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato bai bar su a duhu ba: wadda ta ji tsoro ga abin da ke cikinta ta sha azumi ta rama, haka ma mai shayarwar da ta ji tsoro ga ɗanta, tare da bayanin ciyarwa a kanta. Idan mai ciki ta ji jiri, ko fitsarinta ya ragu ƙwarai, ko ta ji motsin ɗan ya yi ƙasa, ta sha ruwa ta nemi ungozoma ko likita. Malaman Malikiyya sun ma wuce halattawa, sun ce shan azumi yana zama wajibi a kan wanda ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, kuma aya ta 185 a Suratul Baƙara, bayan ta ambaci mara lafiya da matafiyi, ta ce Allah yana nufin sauƙi gare mu, ba Ya nufin tsanani. Abin da ke hana mutane amfani da wannan rangwamen kunya ce da tsoron bakin mutane. Amarya mai ciki tana jin nauyin surukarta, dattijo yana jin nauyin jikokinsa, magidanci yana tsoron a ce ya yi raki. Shi ya sa nake ganin kalma ɗaya daga malami a wajen tafsiri a Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello tana iya ceton ran da takardar likita ba za ta ceta ba, kuma miji da uwar miji su ne ya kamata su fara cewa, "Ki sha, lafiyarki da ta yaron ta fi."

Masana ciwon sukari sun ba da shawarar a ga likita mako 6 zuwa 8 kafin azumi, wato tun a watan Rajab, kuma shawarar ta dace da duk mai ciwon da ake shan magani kullum saboda shi. Ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko a ƙaramin asibitin unguwa, mara lafiya ya tafi da kwalayen magungunansa duka, har da na gargajiya da yake sha, ya faɗi irin aikin da yake yi da rana da abin da ya same shi a azumin bara, ya kuma tambaya a fili wace alama ce idan ya gani zai karya. Ma'aikatan lafiya su ma su riƙa fara tayar da maganar, domin mutane da yawa ba sa faɗa don gudun kada a hana su. Wanda ciwonsa na ɗan lokaci ne yana da watanni goma sha ɗaya na ramuwa, kuma yana iya zaɓar Disamba ko Janairu, lokacin da yini yake gajere, gari kuma ya yi sanyi, sai dai ya ci gaba da shan ruwa sosai da dare, domin busasshiyar iskar hunturu tana zuƙe jiki ko da mutum bai ji ƙishirwa ba. Wanda kuwa likita ya tabbatar masa ciwonsa ba mai barin a yi azumi ba ne, ya je wurin malaminsa ya ji bayanin ciyarwa da gwargwadon mudun da ake bayarwa a madadin kowace rana.